Tsadar Mai Da Cacar Waya: Ina Ɗan Abin Da Ya Rage Ke Tafiya?

Wannan jawabi ne da wani malamin ajin manya ya yi wa ɗalibai da iyaye a garin Turba, cikin ƙaramar hukumar Isa. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.



 Allah ya ba mu zaman lafiya a wannan ƙasa tamu ta Gobir. Allah ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu.

Yau ba darasin baƙi da wasali za mu yi ba. Magana na zo da ita a kan abu biyu, man fetur da caca. Wani zai ce me ya haɗa su? Ni ma da haka na ɗauka. Sai da na zauna da 'yan kabu-kabu da masu noman rani, sannan na gane igiya ɗaya ta ɗaure su.

Mu fara da mai

Dattawan da ke nan sun san lokacin da ake sayen litar fetur naira 11. A shekarar 1994 ke nan. A 2012 ta kai naira 97, bayan an sha zanga-zanga. A 2016 ta koma naira 145. Kowane ƙari an yi kuka, amma an jure.

Sai ranar 29 ga watan Mayu na 2023. A ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya hau mulki, ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin ranar lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500. A watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Daga baya ta riƙa hawa tana sauka, amma ba ta koma inda take da ba. Wannan kuwa farashin birni ne. Mu nan sai mai ya ratso hanya mai nisa da haɗari, ya shiga jarka, ya shiga kwalba, sannan ya iso hannunmu. Kowa a tsakani sai ya ɗora nasa.

Kun fi ni sanin inda abin ya taɓa. Injin ban-ruwa a fadama mai yake sha. Injin niƙa haka. Janaretan mai cajin waya haka. Motar da ke kai albasa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis haka.

Akwai kuma wata sana'a da ta durƙushe, ko da yake ba kowa ke son a ambace ta ba. Lokacin da mai ke da arha a Najeriya, samari da yawa na bakin iyaka da shi suke ci. Su ɗauki jarkoki su tsallaka wajen Maraɗi, su dawo da riba. Da aka cire tallafi ribar ta ragu ƙwarai. A watan Agusta na 2023 kuma aka rufe iyaka saboda juyin mulkin Nijar, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Saurayin da ya saba kama kuɗi kullum ya wayi gari ba aiki. Gona ta nesa ba ta zuwuwa saboda ɓarayin daji. Abin da ya rage a hannunsa waya ce.

Lissafin ɗan kabu-kabu

Bari in kawo misali. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa kuɗin a ciki.

A ce ɗan kabu-kabu yana ƙona lita 4 a rana. Da, naira 800 ke nan. Ya yi cinikin naira 3,500, ya ba mai babur 1,000. Ya tashi da 1,700. A lokacin wannan kuɗi ya isa hatsi da cefane, har a ajiye wani abu.

Yanzu a ce lita naira 1,000 ce. Mai kaɗai ya ci 4,000. Ya ƙara kuɗin fasinja, amma fasinja sun ragu, don mutane sun koma tafiyar ƙasa. A ce ya yi cinikin 7,000, mai babur ya karɓi 2,000. Saura 1,000. Wuni guda cur cikin rana, ga shi kuwa komai na kasuwa ya tashi.

To jama'a, a nan ne maganar take. Mutum ya dubi naira dubu a tafin hannunsa. Ba ta isa cefane ba. Ba ta isa ajiya ba. Sai zuciya ta ce masa: "Wannan dama ba za ta yi maka komai ba. Zuba ɗari biyu a waya, ko Allah zai sa ta zama dubu hamsin."

Ku lura, ba yawan kuɗi ne ya kai shi ba. Ƙarancinsu ne. Lokacin da sana'a ke biya, mutum yana ganin hanya a gabansa: in na tara wata shida zan sayi babur nawa. Da hanyar ta toshe, sai ya fara neman tsalle.

Ba kowa ba ne, gaskiya. Na san waɗanda tsadar ta sa suka bar caca, don ba su da abin zubawa. Na yi musu murna. Amma waɗanda na gani sun ƙara nutsewa, yawancinsu masu ƙaramar sana'a ne da mai ya cinye musu riba.

Caca ta canja gida

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san ta wuri. Mu mun tashi mun ga ta karta, a bayan kasuwa ko a kango. Amma waccan tana da kunya. Sai mutum ya yi tattaki ya je. Ana iya ganinsa. Labari yana iya kai wa surukinsa. In dare ya yi ko kuɗin aljihu suka ƙare, dole a tashi.

Ta yanzu ba ta da kango. Kamfanoni irin su Bet9ja, wanda ya fara a 2013, da SportyBet da BetKing da 1xBet, duk suna cikin waya. Ba sai ka sayi mai ka tafi Sakkwato ba. Kana kwance a kan tabarmarka za ka yi. Tsadar mai ta hana mutum zuwa birni, amma ba ta hana birni zuwa aljihunsa ba.

Wani abu ya ƙara share mata hanya. Kun tuna wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin naira. A lokacin ne mutanen ƙauye da yawa suka buɗe asusu a waya, suka saba da mai POS. Abu ne mai amfani, ni ma ina da shi. Sai dai kuɗin da ke cikin waya ba su da nauyi. In ka zaro naira dubu daga aljihu ka miƙa, za ka ji a jikinka. In ka danna lamba, ba ka jin komai sai daga baya.

A Kano, Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca da dama a watan Oktoba na 2024. A watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa sha'anin caca na jihohi ne, ba na gwamnatin tarayya ba. Jiharmu ta Sakkwato tana kan shari'ar Musulunci tun 2000. To amma shago ake sa wa kwaɗo. Wa zai sa wa waya kwaɗo? Sau ɗaya na ga an yi, a watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a Isa da Sabon Birni da wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro. Ba kuwa wanda ke fatan a sake wannan.

Hukuncin addini ba ni zan faɗa muku ba, ga malam liman a zaune. Kowa ya san an haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Masu yi ma sun sani. Ni malamin lissafi ne. Abin da zan nuna muku shi ne, ko a lissafi ma ba ta fita.

Yadda kamfani ke ci

Mu ɗauki kwabo. In aka wurga shi sama, ko ya faɗi ta fuska ko ta baya. Mutum biyu kowa ya zuba naira 1,000. Wannan ya ce fuska, wancan ya ce baya. An tara 2,000. In da adalci ne, wanda ya ci 2,000 zai ɗauka.

Kamfani ba haka yake biya ba. Zai ba wanda ya ci kamar 1,900, ya riƙe 100. Ko fuska ta fito ko baya, ɗarinsa tana nan. Shi ba caca yake yi ba. Ku ne kuke yi, shi yana karɓar la'ada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu mu zo ga wadda samari suka fi so, wato dogon tikiti. Mutum ya jera wasan ƙwallo goma, ya zuba naira 100. Sai dukkan goman sun fito yadda ya ce, sannan a biya shi. In ɗaya ya kuskure, shi ke nan.

Ku ɗauko alli mu yi tare. A ce kowane wasa kamar kwabon nan ne, ko a dace ko a rasa. Wasa ɗaya, hanya 2. Wasa biyu, hanya 4. Uku, 8. Huɗu, 16. Ku ci gaba da ninkawa: 32, 64, 128, 256, 512. Wasa na goma, 1,024. Hanya ɗaya tak ce taka a cikin 1,024.

In kana yankar tikiti ɗaya kullum, kwana 1,024 ya kusa shekara uku. Ka zuba naira 102,400. Ranar da ka ci kuma, a kan irin biyan da muka faɗa, abin da za a ba ka bai wuce kamar naira 61,000 ba. Ranar gari duka zai ji labari. Za a ce wane ya ci dubu sittin da naira ɗari. Ba mai ba da labarin dubu ɗari da biyun da suka tafi da kaɗan-kaɗan.

Sau nawa kuka ji saurayi ya ce, "Wasa ɗaya ne ya kashe ni"? Yana ganin ya kusa. Bai kusa ba. Tara cikin goma da sifili cikin goma, biyansu ɗaya ne. Amma wannan "saura ƙiris" ita ce ƙugiyar da ke dawo da shi gobe.

Wasan jirgi

Wanda ya fi ba ni tsoro ba na ƙwallo ba ne. Ita ƙwallo sai an jira an buga minti casa'in. Akwai wasannin gidan caca da aka zuba cikin waya, waɗanda ba su jiran kowa. Sananne a cikinsu shi ne Aviator, wanda yara ke kira jirgi.

Ga yadda yake. Ka zuba kuɗi. Wani ɗan jan jirgi ya tashi. Yana hawa, kuɗinka suna ninkuwa a kan allo. In ka danna ka cire kafin ya ɓace, ka ci. In ya ɓace kafin ka danna, an cinye ka. Wani lokaci yana tashi yake ɓacewa. Yawanci zagaye ɗaya bai kai minti guda ba, sai wani ya fara. Dare da rana haka.

Waɗanda suka ƙera wasan da kansu sun faɗa cewa a kowace naira 100 da aka zuba, 97 ce ke komawa ga masu wasa in an haɗa su gaba ɗaya. Uku tasu ce. Za ka ce uku ai ba komai. To amma ba sau ɗaya ake zubawa ba. Ka shiga da 1,000, ta zama 970. Ka mayar, ta zama 941. In ka juya ta sau 20, saura kamar 540. Sau 50, saura kamar 220. Wani zai fi haka, wani ba zai kai ba, amma in an haɗa kowa da kowa nan lissafin yake zuwa. Kamar jarka ce mai ɗan huji a gindi. Ba ka ganin zubar, sai ka isa fadama ka tarar ba mai.

Kuma na'ura ce ke zaɓen inda jirgin zai ɓace. Ba ta san ka yi asara jiya ba. Ba ta san matarka na jiran cefane ba. Masu cewa "ya faɗi sau biyar, yanzu dole ya yi nisa" suna yaudarar kansu ne.

Masu sayar da "tabbas"

Akwai wasu kuma a Facebook da WhatsApp da Telegram. Suna cewa suna da sirrin wasa, ka biya su ba ka. Bari in tona muku asirin ɗaya daga cikin dabarunsu.

Mutum ya tara lambobin waya 800. Ya aika wa 400 cewa ƙungiya kaza za ta ci. Ya aika wa sauran 400 cewa ba za ta ci ba. Ko yaya aka tashi, ya yi daidai a wurin mutum 400. Sai ya raba waɗannan biyu, ya sake. Saura 200. Ya sake, saura 100. Waɗannan ɗarin sun ga ya faɗi daidai sau uku a jere. Sun ɗauka waliyyi ne. Sai ya ce wasa na huɗu naira 5,000. Ku ninka da kanku.

Tambaya ɗaya ta ishe ku. Wanda ya san abin da zai faru gobe, me zai yi da dubu biyar ɗinka?

Abin da na gani da idona

Akwai wani yaro da na koya wa karatu a wani gari, ba zan faɗi sunansa ba. Yaron kirki ne, mai zafin nema. Mahaifinsa ya tsufa, shi ke kula da albasarsu a fadama. Wata rana tsohon ya sayar da tunkiya, ya ba shi kuɗin man inji na sati biyu. Yaro ya duba ya ga kuɗin ba za su kai su ƙarshen ban-ruwa ba. Ya ce bari ya ɗan juya su a waya su ƙaru.

Daren farko ya ci. Wannan ce babbar masifar. Da an cinye shi a ranar, wataƙila da ya tsira. Dare na uku ba ko sisi. Ya ji kunyar faɗa. Sai ya ci bashi a wata manhajar ba da rance ta waya, don ya fanso na farko. Shi ma ya tafi. Kullum da safe ya ɗauki jarka ya fita kamar mai zuwa fadama, ya je ya zauna gindin bishiya. Albasa ta yi kwana shida ba ruwa a lokacin da take sa kai. Masu bashi kuma suka bi lambobin da ke cikin wayarsa, suna aika wa mutane saƙo cewa shi macuci ne. Ta haka mahaifinsa ya ji, daga bakin wani.

Da ya zo wurina yana kuka, abin da ya ce shi ne, "Malam, wallahi ba don in ji daɗi na yi ba. So nake man ya isa." Na yarda da shi. Garin neman gira ya rasa ido.

Iyayena, ga roƙona a nan. In kun gane ɗanku ya faɗa, kada ku fara da duka ko kora. Wanda aka kunyata ɓoyewa yake ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kusa da ta shaye-shaye. Akwai alamu: yawan rance, ƙarya a kan kuɗi, rashin barci, fushi in an taɓa wayarsa, kayan gida suna ɓacewa. In abin ya fi ƙarfin gida, har mutum ya fara maganar ya gaji da duniya, kada a tsaya. A kai shi asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Ku kuma mata, kada ku ce wannan ta maza ce. Kuɗin cefanenku ne. Wani lokaci ma da wayarku ake yi, ko da akuyarku ake biyan bashin.

To ina mafita?

Ba zan yi muku ƙarya ba. Barin caca ba zai sauko da farashin mai ba. Wannan yana hannun waɗanda suka fi mu. Amma ɗari biyun nan da aka raina tana hannunmu.

Naira 200 kullum, a wata 6,000 ce. A shekara 73,000. In lita tana naira dubu, lita 73 ke nan. Ku tambayi mai injin ban-ruwa abin da lita 73 za ta yi masa. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke adashi. A adashi abin da ka zuba shi za ka kwasa, sai ɗan abin da aka yarda a ba uwar adashi. 'Yan kabu-kabu goma in suka haɗa 200 kullum, duk bayan kwana goma mutum ɗaya zai ɗauki 20,000. Ta isa taya da gyaran inji.

Tun 2023 manoma a wurare da dama na Arewa suka mayar da injinansu suna aiki da gas ɗin girki maimakon fetur. Wasu sun haɗa kuɗi sun sayi mai aiki da hasken rana. Yana da tsada a farko, ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma maƙwabtan gona biyar ko shida za su iya zama su yi shawara. A nemi makanike wanda ya san aikin, don gas ba abin wasa ba ne.

Wanda ya riga ya shiga kuma yana son fita, ya goge manhajar yau, ba gobe ba. Ya fita daga zaurukan masu sayar da wasa. Kada ya kwana da kuɗi a waya. In ya tashi aiki ya cire su, ya damƙa wa mahaifiyarsa ko matarsa. Ya sami mutum ɗaya da ya yarda da shi, ya faɗa masa gaskiyar bashin da ke kansa. Abin da ya tafi kuma ya bar shi ya tafi. Bin sawun asara shi ya kai yaron nan ga masu rance.

Na san akwai wanda ke zaune a nan yana cewa a ransa, "Malam bai sani ba ne, ni ina ci." To ban musa maka ba. Ga aikin gida. Ka sami littafi, ka ja layi a tsakiyar shafi. A dama ka rubuta "abin da na zuba". A hagu ka rubuta "abin da na cire". Ka koma cikin wayarka, akwai wurin da ke nuna duk kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita. Ka kwafe na wata uku da suka wuce, kada ka tsallake ko naira hamsin. Ka sa har da kuɗin data da na caji. Sannan ka haɗa kowane gefe, ka ɗebe ƙarami daga babba.

Kada kowa ya rubuta sunansa. Ranar darasi mai zuwa zan ajiye kwali a bakin ƙofa, a jefa takardun a ciki. Za mu zaro su ɗaya-ɗaya mu yi lissafin a kan allo. Wanda haɗawa ta ba shi wuya ya same ni bayan sallar la'asar, mu yi tare, ba mai ji.